Tafiyata Damagaram da Baffa da Kwalbarsa

Tun da na dawo daga Damagaram ban huta da tambaya ba. A ofis a tambaye ni, a gidan suna a tambaye ni. Wadda ta fi kowa naci ita ce Anti Rifkatu, sakatariyar sashenmu, mutuniyar Filato da ta zauna a Dutse tun ina 'yar firamare. Duk sanda ta kawo takarda teburina sai ta jingina da ƙofa ta ce, "Hauwa, kowa ya je taro sai ya dawo ya ishe mu da hotuna. Ke kin dawo kamar wadda ta je gaisuwar rasuwa. Me aka yi miki a Nijar ɗin?" Kullum amsata ɗaya, lafiya lau, hanya ce da nisa. Ba ta yarda ba, kuma tana da gaskiya. To ga labarin na rubuta, duk mai tambaya ya karanta ya sarara mini.

Sai na fara da aikina, don wasu ƙawayena har yau zato suke a gidan mai nake aiki. Ina koyar da kimiyyar ƙasa, ina kuma karatun digiri na uku a kan yadda ake gane inda ɗanyen mai yake kwance tun ba a gan shi ba. Mai ba tafki ba ne a ƙarƙashin ƙasa. Yana maƙale ne a 'yan ƙofofin dutsen yashi, kamar ruwa a cikin soso. Don a neme shi, ana girgiza ƙasa daga sama, amon ya nutsa ya bugi shimfiɗun duwatsu ya dawo, na'urori su naɗe shi. Wannan shi ne sesmik. Aikina in ɗauki amon da ya dawo in juya lissafinsa baya a kwamfuta, har in gano wace shimfiɗa ce mai tauri, wacce ce mai laushi. Wannan juyin muke ce wa inbashan. Amma amo yana ruɗi. Sai an haɗa shi da awon rijiya, wato abin da na'ura take aunawa idan an zura ta cikin rijiyar mai tana bin dutsen taki-taki. Amo yana ganin faɗi, rijiya tana ganin wuri ɗaya tak, sai dai abin da ta gani ta gani.

Matsalata ita ce ina da amon wani yanki na kwarin Tafkin Chadi ta gefenmu, amma awon rijiyar da ke hannuna tsoho ne kuma guntu, bai kai zurfin da nake buƙata ba. Karatuna ya tsaya cik a nan. A gefen Nijar kuwa shimfiɗun nan ba su san da iyaka ba, sun zarce abinsu, kuma can an haƙa rijiyoyi da yawa. Da aka gayyace ni wani ƙaramin taron masana a Damagaram, na san idan na yi abin kirki zan iya roƙon awon da zai fitar da ni.

Maigidana bai samu izini a wajen aiki ba. Mahaifina ya ce ba zan tsallaka iyaka ni kaɗai ba, shi kuma ciwon ƙafa ya hana shi doguwar mota. Sai yayansa, Baffa, ya aiko daga ƙauyenmu can wajen Kafin Hausa cewa shi zai raka ni. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka Baffa bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini. Shi ne kuma ya tsaya kai da fata aka bar ni na wuce jami'a lokacin da wasu a dangi suka ce sakandare ta isa.

Da na ji shi ne ɗan rakiyar, ban ji daɗi ba, kuma na san dalili. Tun tsakiyar damina rijiyar da ke bayan gidansa ta fara yin wani maiƙo a sama, mai launi-launi, ga wari. Ya buga mini waya ya fi a ƙirga. Kullum in ce, "To Baffa, zan zo in duba." Ban je ba. Na san a yankinmu shimfiɗar ƙasa ba ta da zurfin da mai zai dahu a cikinta, ballantana ya hawo rijiyar guga. Amma ta yaya zan dubi dattijon da ya riga ya sanar wa gari cewa Allah ya kawo musu arziki, in ce masa a'a? Sai na yi ta ja masa rai, ina fatan abin zai wuce da kansa.

Ya kwana a Dutse, da safe muka shiga mota a tasha. Ba mu kai Jahun ba duk fasinjoji sun san ko ni wace ce. "Wannan da kuke gani Dakta ce," in ji Baffa, "Daktar mai. Nijar aka kira ta ta koya musu." Na ce a hankali, "Baffa, ban gama ba tukuna, kuma koyo zan je." Ya ce, "Kunya ce da ita, haka uwar tamu take." Wani mai hular sanyi a kujerar baya ya leƙo ya tambaye ni yaushe fetur zai sauko. Wata mata da ta hau a Gujungu da kwandon kifi banda ta ce ɗanta ya gama difloma, in taimaka in sa shi a kamfaninmu. Na ce ba ni da kamfani. Ta ce, "Haka manya kuke cewa." Kifin nan a kan ƙafata ya zauna har Taura, kuma warinsa bai bar lafayata ba har na dawo gida.

Bayan Ringim taya ta yi faci, muka tsaya a gindin wata tsamiya direba yana ta faɗa da jak. Sai azahar muka shiga Garki. A nan muka yi salla, muka ci ɗanwake a wata rumfa. Ina tsame hannu Baffa ya jawo jakarsa, ya fito da wani abu naɗe a tsohon rawani. Ya warware a hankali. Kwalbar roba ce ta lemo, cike da ruwa mai duhu-duhu, an ɗaure bakinta da leda da kyauro.

"Uwata," ya ce, "tunda ba ki samu zuwa ba, ga rijiyar na kawo miki."

A nan ya kamata in yi magana. Mu biyu ne kawai, mai ɗanwake ma ta juya baya. Abin da na ce shi ne, "To Baffa, a adana ta, in mun dawo sai a duba." Ko karɓa ban yi ba. Ya mayar da ita cikin rawani yana murmushi.

Muka canza mota a Ɓaɓura, muka nufi Babban Mutum. Ban taɓa ƙetare iyaka ta ƙasa ba, na zaci zan ga katanga ko babbar ƙofa. Igiya ce da durom da rumfa, awaki suna wucewa ta ƙarƙashi ba mai tambayarsu takarda. A gefenmu ba a ɓata mana lokaci ba. A gefensu aka ce kowa ya sauko da kayansa wajen duwan, wato kwastan. Jami'in da ya buɗe jakar Baffa dogo ne siriri, Hausarsa tana da wani lanƙwasa mai daɗin ji. Ya ɗaga kwalbar ya duba ta a rana.

"Baba, mi ne ne wannan?"

"Mai ne."

Jami'in ya yi dariya. "Mutanenku da jarka suke kawo muna shi, ku da kwalba?" Ya kai hannu zai kwance ledar. Baffa ya riƙe masa hannu ya ce kada ya buɗe, na bincike ne, ga Daktar nan a tambaye ta. Duk layi aka juyo ana kallona. Direba yana ta danna oda. Na miƙa takardar gayyata, na ce, "Eh, samfur ne na bincike." Jami'in ya gyara tsayuwa, ya mayar da kwalbar da hannu biyu, har ya ce Allah ya ba da sa'a. Da muka koma mota Baffa ya dube ni fuska cike da haske ya ce, "Kin ji ko? Da bakinki kika faɗa." Daga nan har Magarya kaina yana jingine da gilashi kamar mai barci.

Mun shiga Damagaram da yamma liƙis. Masu taron sun kama mana ɗakuna a wani ƙaramin masauki mai tsakar gida da bishiyar darbejiya. Baffa ya leƙa nasa ɗakin, sanyin na'ura ya buge shi, ya fito da baya ya ce shi ba gawa ba ne. Ya ja katifar ya kai zaure wajen maigadi, wani Buzu mai yawan fara'a, kafin in gama shirya kayana sun zama abokai. Can na koyi cewa shayinsu hawa uku ne, ana dafa shi a 'yar buta kan gawayi, kuma wanda ya sha na fari ya tashi ya yi rashin ladabi. Ni na yi haka ranar farko, maigadi ya bi ni da ɗan kofi har ƙofar ɗaki.

Mutanen nan Hausa suke yi kamar mu, amma sai ka yi hattara. Na tambayi wata mai aiki a masaukin ina zan samu maganin ciwon kai, ta ce in tafi likita. Na ce ai abin bai kai na ganin likita ba. Ashe asibitin suke kira likita. Makaranta lakwal, ofis buro, ɗan acaɓa kabu-kabu. Aka ce mini za a buɗe taro gobe ƙarfe sha biyar, na tsaya ina lissafi da yatsu kamar 'yar aji ɗaya. Da rana kuwa gari yakan mutu murus, a rufe buro a je gida a ci abinci a kwanta, sai rana ta yi sanyi a dawo. Mu a Dutse a kan fayil muke cin abincin rana. Burodinsu dogo ne kamar taɓarya, ɓawonsa ya kusa yanka mini dasashi, amma kwaɗon zogalensu da suke kira kopto ya fi namu, ko da yake ba zan maimaita wannan a gaban gwaggona mai yi mana kwaɗo a gida ba. Baffa kuwa da soyayyar fara ya ƙulla zumunci. Da masu sayarwa suka ji daga wajajen Kano muke, sai tsokana ta tashi, su ce mu matsorata ne, shi kuma ya ce ai yunwa ce ta sa suka iya suyar fara. Ya ji daɗin garin ƙwarai. Ni ce dai hankalina bai kwanta ba, saboda na ji shi yana ba maigadi labarin rijiya.

Ranar da zan yi nawa jawabin na roƙe shi ya zauna a masauki ya huta. Ya ce to.

Zauren taron ba babba ba ne. Shugaban taron shi ne Dakta Isufu, mutum mai furfura a gemu, wanda ya daɗe yana aiki a rijiyoyin gabashin ƙasarsu. Shi ne mutumin da nake son in roƙa. Da yake su da Faransanci suka yi karatu, mu kuma da Turanci, sai aka ga abin da ya haɗa kowa Hausa ce. Aka ajiye tafinta, wani tsohon malamin lakwal da ya taɓa zama a Kano, a ɗan tebur a gefe da tasa makirfon. Duk abin da aka faɗa da harshen Turawa, jimla bayan jimla, shi zai mayar da Hausa. Yakan sunkuyar da kai ya rufe ido, kunne kawai yake aiki da shi. An ce wanda yake so ya yi jawabinsa da Hausa kai tsaye. Ni na zaɓi Turanci. Ban taɓa faɗin waɗannan abubuwa da Hausa ba, kuma gaskiya ina so a san na iya.

Jawabin ya tafi daidai. Na nuna yadda na juya amon, na haska hoton ƙarshe a bango, shimfiɗu shuɗaye da koraye, a tsakiyarsu wani jan tabo mai tsawo. Na ce jan nan wuri ne mai laushi, kuma ina kyautata zaton yashi ne mai ɗauke da mai. Aka tafa. Dakta Isufu ya ce akwai mai tambaya?

Daga can baya na ji sallama. Muryar da na sani tun ina goye.

Baffa ne, cikin farar babbar rigarsa ta Juma'a, yana tahowa ta tsakiyar kujeru, kwalbar a hannu biyu, ba rawani. Ya tsaya a gaba ya gaida manya, ya ce shi manomi ne daga ƙasar Kafin Hausa, Allah ya fito musu da mai a rijiya, 'yarsa ga ta nan ta tabbatar a gaban hukuma a kan iyaka, ya kawo ne masana su sa albarka. Wasu matasa a layin baya suka fara ƙyaƙyatawa. Na ga waya ta ɗagu ana ɗauka. Na ga wani ɗan ƙasarmu da shi ma ya zo taron ya rufe baki da takarda. Abin da ya zo mini kawai shi ne Dakta Isufu zai ɗauka ni ce na ce ruwan nan ɗanyen mai ne, kuma shi ke nan awon rijiya ya wuce ni.

Makirfon tana hannuna. Na yi magana da Turanci, da sauri, ina ɗan murmushin neman afuwa, idona a kan Dakta Isufu. Na manta sarai da mutumin da ke gefe.

Tafinta, kansa a sunkuye, idonsa a rufe, ya faɗa da muryarsa mai kauri, lasifika ta kai ta kowane lungu: "Ta ce ku yi haƙuri da shi. Tsoho ne ɗan ƙauye, bai yi karatu ba, bai san abin da yake faɗi ba. Rakiya kawai ya yi mata."

Sai da ya kai ƙarshe ya buɗe ido. Masu dariyar suka daina. Baffa bai juyo ya dube ni ba. Ya dubi kwalbar da ke hannunsa, ya ɗan sauke ta ƙasa zuwa cikinsa, kamar mai neman inda zai ɓoye ta a rigar da ba aljihu.

Dakta Isufu ne ya taso. Ya sauko daga kan dandamali, ya rusuna ya gaida Baffa, ya karɓi kwalbar da hannu biyu. "Baba, ku taho ku zamna nan kusa gare ni." Ya ba shi kujerarsa. Ya kwance kyauron, ya shanshana, ya ɗiga kaɗan a farar takarda ya duba. Sannan ya fara tambaya, a natse, yadda zai tambayi kowane injiniya. Zurfin rijiyar gaba nawa? Yaushe abin ya fara? Kafin ruwan sama ya yi ƙarfi ko bayan? Baffa yana amsawa murya ƙasa-ƙasa.

"Akwai mai saida mai kusa da rijiyar?"

Baffa ya ce, "Ɗana Sale yana bumburutu. Yakan binne durom a bayan katanga saboda masu kame."

"Baba, ba ku yi ƙarya ba, mai ne. Amma wannan ya riga ya bi ta matatar mai. Gas ne, mu nan gazuwal muke ce mishi. Ba daga ƙasa ya hawo ba, daga sama ya sauka. Ana shan ruwan?"

"Manya sun koma famfo. Amma famfon da nisa. Yara dai, in an tace musu."

"A bari yau. Kada a kai gobe."

Sai ya juyo gare ni. Na rantse ba da mugunta ya yi tambayar ba, neman ra'ayin abokiyar aiki yake. "Madam, ke da kika shanshana, mi kika ji?"

Ban taɓa buɗe ta ba. Tun damina ake kirana, kwalbar ta yini a mota ɗaya da ni, ban taɓa kai ta hanci ba. Da na yi, da numfashi ɗaya ya ishe ni. Na tsaya da makirfon a hannu, jan tabona yana haske a bango a bayana, na ce, "Ban buɗe ba." Da Hausa na faɗa, tafinta bai sha wahala ba.

Da aka tashi, tsohon malamin ya same ni a bakin ƙofa, hularsa a hannu. "Madam, ki gafarce ni. Kunne ya ji, baki ya faɗi. Sai da ta fita na san abin da na ce." Na ce masa ba shi da laifi, aikinsa ya yi. Baffa kuwa yana can gindin bishiya da waya a kunne, yana ɗaga murya kamar yadda yake yi in zai kira gida. Na ji yana cewa a rufe rijiyar da kwano a ɗora dutse, a kira masa Sale.

A masauki ya amsa gaisuwata kamar kullum. "Uwata, an dawo?" Amma abincin da aka kawo masa haka aka ɗauke shi, farar ma bai taɓa ba.

Washegari Dakta Isufu ya aiko a kira ni buro ɗinsa. Na tafi ina jiran faɗa. Bai ko ambaci abin da ya faru ba. Ya buɗe kwamfuta ya nuna mini hoton wani yanki nasu, shimfiɗa iri ɗaya da tawa, da jan tabo kamar an kwafa. "Mu ma mun yi murna da wannan," in ji shi. "Muka haƙa." Ya jera awon rijiyar a gefen hoton. Daidai zurfin jan, layin da ke nuna laka ya karkata sosai, layin da kan yi tsalle idan ya gamu da mai ya kwanta shiru. Laka ce mai laushi, cike da ruwa. "Amo ya ce miki wurin da laushi, kuma gaskiya ya faɗi. Bai ce miki mai ba. Ke kika ce. Naki yana iya zama yashi, ban sani ba, ke ma ba ki sani ba tukuna." Muka zauna har rana ta take yana nuna mini yadda suke ɗaure awon rijiya da amo kafin su juya lissafi, da yadda laka da yashi suke rabuwa idan an duba su ta fuska biyu maimakon ɗaya. A ƙarshe ya ce zai nema mini izini a ba ni awon wasu tsofaffin rijiyoyinsu in gwada aikina da su. Abin da na zo nema ke nan, na samu. Na yi godiya, amma ko kusa ban ji daɗin da na zata ba. Ina fita ya ce, "Ki gaida Baba."

A hanyar dawowa mun daɗe a tashar Magarya muna jiran mota ta cika. Baffa yana zaune a benci a inuwar rumfa yana jan carbi. Na zagaya gabansa na durƙusa a ƙasa, mutane suna kallo, ban damu ba.

"Baffa, ku yafe mini."

"Tashi, Uwata, ƙasa da datti."

Ban tashi ba. Ya ja carbi ya ja, sannan ya ce, "Abin da kika faɗa ai ba ƙarya a ciki. Ɗan ƙauye ne ni, kuma ban yi boko ba. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya tsaya mini, da Turanci kika faɗa. Da tun a waya kin ce mini da Hausa, Baffa ba mai ba ne, zan yi fushi kwana biyu in huce. Da jikokina ba su yi ta shan gas ba."

Ya matsa ya ba ni wuri a bencin.

"To yanzu faɗa mini. Me ya sa ba za a samu mai a garinmu ba? Yadda zan gane, don ni zan tsaya gaban mutane."

Na tsinci kara na zana masa a ƙasa. Na ce mai daga matattun halittun ruwa yake, waɗanda laka ta binne tun zamanin da ba mutane, kuma sai an danne su can ƙasa inda zafi yake kafin su dahu. Na ce a wajenmu dutsen gindi yana kusa, shi ne ma ya leƙo waje a Dutse, abin da ke kansa bai kai kaurin da zai dafa komai ba. Na zana yadda ake aika amo da yadda yake dawowa. Ya yi tambayoyi masu kyau, har da wadda ban iya amsawa ba. Wani mai sayar da rake ya matso yana saurare. Wannan ne karo na farko da na bayyana aikina da harshen da aka yi mini raɗar suna da shi, kuma bai gagara ba.

Ba mu wuce Dutse kai tsaye ba, ƙauye muka fara zuwa. Mun tarar Sale ya tono durom ɗin, gindinsa ya ci tsatsa ya ɓule, ƙasar wurin ta yi baƙi. Bayan la'asar Baffa ya tara maza a ƙofar gida. Ni ina daga cikin zaure. Bai sa ni magana ba, da kansa ya yi. Ya ce shi ne ya ce mai ne, shi ne ya hana a yashe rijiyar, kuma ya yi kuskure, gas ɗin ɗansa ne ya zuba. Wani daga gefe ya ce, "Ashe dai arzikin namu na Sale ne." Aka kwashe da dariya. Wani kuma bai yi dariya ba, ya ce 'yarsa ta yi ta ciwon ciki tun kaka ba a san dalili ba. Baffa ya sunkuyar da kai ya ce a kai ta asibiti gobe, shi zai tsaya, kuma ba mai sake jefa guga a rijiyar nan. Yana tsaye a gabansu da farin gemunsa, ana dariya ana ƙorafi, bai ce 'yarsa ta sani tun damina ta yi shiru ba.

Da safe na ce zan hau mota ni kaɗai, Dutse ba nisa. Ya ce a hannun ƙaninsa ya karɓe ni, a hannunsa zai mayar da ni. Muka iske mahaifina a zaure ya miƙe ƙafa a kan tabarma. Suka gaisa, na shiga ciki na ɗebo musu ruwa. Ina dawowa da tire na ji mahaifina yana tambaya.

"To Yaya, ya 'yar taka ta yi a gaban mutane? Ba ta ba mu kunya ba dai?"

Na tsaya a bayan labule da tiren.

"Ta yi jawabi, manya suka tafa mata," in ji Baffa. "Babbansu ma har ofishinsa ya kira ta."

"Me ta ce musu?"

"Ina zan sani? Da Turanci ta yi. Ban ji ko kalma ɗaya ba."

Mahaifina ya yi dariyar jin daɗi, ya ɗaga murya ya ce ina ruwan ne. Na goge fuskata da gefen lafaya, na shiga na durƙusa, na fara miƙa wa Baffa.